Harshe na Huɗu

Bibata tana durƙushe tana tura wayar majigi ƙarƙashin tabarma, don kada wani dattijo ya yi tuntuɓe da ita, sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Fankar zauren ta yi juyi biyu ta tsaya cik.

"A tada gurup!" in ji Alhaji Siddo daga bakin ƙofa, yana nuna injin wuta. Shi ne shugaban koperatif ta manoman shinkafa da masunta a Gaya, kuma tun da sassafe yake kai-da-kawo cikin babbar riga mai sitaci kamar uban amarya. Ya ƙaraso inda take, ya rage murya. "'Yata, komai ya zauna ko? Kapitan ya ce ƙarfe goma yana nan. Kin san soja, gomansa goma ce."

"Komai ya zauna, Alhaji."

"Har da Dendancin?"

"Har da shi."

Ba ta ɗago kai ba da ta faɗi haka. Ta ci gaba da gyaran tabarmar da ta riga ta gyaru, har sai da ta ji takunsa ya yi nisa.

Wata huɗu ke nan da koperatif ta ɗauke ta ta gina musu shafin intanet. Tun da sojoji suka karɓi mulki, aka rufe gadar da ke tsallakawa Malanbil, sahihin labari ya yi wuya a garin. Yau a ce taki ya iso, gobe a ce ƙarya ne. Mutum ya ƙona mai tun daga Bengu ko Yelu, ya zo ya tarar an ɗage rabo. Shafin zai riƙa gaya wa kowa a salularsa ranar sakin ruwa a fadama, da ranar rabon taki, da inda kogi ya kai, da kiran taro. Wanda bai iya karatu ba ma, ba ya rasa mai karanta masa a gida. Sharaɗi ɗaya Alhaji Siddo ya gindaya: shafin ya yi magana da harshe huɗu, Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Dendanci.

Aikin na'urar bai ba ta tsoro ba, shi ta karanta a Yamai. Ta rubuta shafin da PHP yadda babu jimla ko ɗaya da ke manne a jikinsa. Kowace jimla da sunanta, kowane harshe da nasa fishiye, wato fayil, kamar rumbuna huɗu a jere. Mutum ya danna harshen da yake so, sai serber, wato babbar na'urar da ke riƙe da shafin can Yamai, ta shiga rumbun wannan harshe ta ɗebo jimlolin, ta harhaɗa shafin, ta aiko masa. Faransancin yini biyu ya ɗauke ta. Hausar ita da Badaru suka yi, sakataren koperatif, mutumin Ƙonni. Zabarmancin wata ƙawarta ta lakkol, wadda suka yi makaranta tare, ta duba mata. Sai na huɗun, harshen uwarta da ubanta.

Tana shekara shida aka kai ta Yamai wurin gwaggonta Fatuma don karatu. A gidan gwaggo Faransanci ake yi a ɗaki, Zabarmanci a titi. In ta zo hutu yaran Gaya suka fara dariyar bakinta, sai ta fake da Hausa, harshen kasuwa da kowa ke ji. Iyayenta suka bi ta a haka, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Tana jin Dendanci in ana yin sa a hankali. Amma ta ƙulla jimla uku a jere, bare ta rubuta su, wannan kam ya fi ƙarfinta.

Ranar da aka ɗauke ta aiki, Alhaji Siddo ya dubi 'yan kwamiti ya ce, "Dendanci kam ba sai an tambaya ba. 'Yar Alfari ce." Kowa ya gyaɗa kai. Alfari masunci ne da ya koma noman shinkafa, amma ba da kifi ko shinkafa aka san shi ba, da baki aka san shi. In za a nemi aure, in an yi rigimar iyakar gona, in masunta sun yi sa-in-sa a kan wurin jefa raga, shi ake turawa ya kai magana. Bibata ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta ji kanta tana cewa, "In sha Allahu."

Wata huɗu cur, kullum da la'asar ubanta yana zaune gindin mangwaro a tsakar gida yana gyaran raga, taku goma daga inda take aiki. Sau nawa ta ɗauko ordinater, kwamfutar aikinta, ta nufo shi, ta kai rabin hanya ta juya. Da wane baki za ta ce, Baba, ban iya harshenka ba? Saura mako biyu buki, ta kwafi fishiyen Zabarmanci, ta sake masa suna, ta bi ta musanya kalmomi kamar arba'in da waɗanda take tunawa daga bakin kakarta marigayiya. Ai harsunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, ta ce wa zuciyarta. In buki ya wuce ta gyara a tsanake.

Goma saura minti biyu motar sojoji ta tsaya a ƙofa. Kapitan Ma'u, wanda ofishin prefe, shugaban gundumar, ya turo, dogo ne ɗan Damagaram, mai fara'a fiye da yadda kakinsa ya nuna. Zauren ya cika maƙil. Dattawa a gaba, wakilan Bengu da Yelu da Karakara a tsakiya, mata masu turara shinkafa a baya. Bibata ta hango ubanta a sahu na uku, sanye da farar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Litinin ce. Da idonsu ya haɗu ya ɗan ɗaga mata gira, ya kau da kai kamar bai san ta ba. Alkunya ce irin ta uba da 'yar fari.

Farkon abin ya tafi sumul. Shafin ya bayyana a jikin bango da Faransanci. Ta danna Hausa, nan take rubutun ya juye gaba ɗaya, zauren ya ɗauki "Allahu akbar". Badaru ya karanta da ƙarfi. Ramatu, shugabar mata, ta ɗaga salularta daga baya tana cewa ita ma ga shi ya fito mata, ranar Laraba za a saki ruwa a fadamar gabas, yau kam ba sai ta aika kowa ya tambayo ba. Aka tafa. Aka danna Zabarmanci, aka sake tafawa.

Kapitan ya miƙe ya yi gajeren jawabi. Ya ce lokacin da ɗan ƙasa zai tsaya a ofis kamar kurma, don bai iya harshen baƙo ba, ya wuce. Ya nuna Bibata ya ce ga irin 'ya'yan da ake so, waɗanda suka yi boko bai raba su da gida ba. Sannan ya yi murmushi.

"Ni dai ba na jin Dendanci. Amma shi na zo ji yau. A nemo mana wanda zai karanta."

Aka fito da Mushe Hamani, tsohon malamin lakkol. Ya gyara tabarau, ya matso jikin bango. Bibata ta kai hannu kan maɓalli na huɗu. Ta danna.

Mushe Hamani ya karanta layi na farko, da na biyu. A na uku ya ɗan yi jim, ya ci gaba. Zauren da ɗazu ke tafi ya fara ƙus-ƙus. Wani a sahun gaba ya raɗa wa na kusa da shi magana cikin Dendanci, a hankali yadda har Bibata ta gane: "Wannan ai bakin Yamai ne."

"A nuna mana wurin kiran taro," in ji Alhaji Siddo da sauri, yana son a wuce wurin.

Ta buɗe. A saman shafin, da manyan baƙaƙe, ga ɗaya daga cikin kalmomi arba'in ɗin nan. Ita ce ma wadda ta fi amincewa da ita, don har yanzu tana jin muryar kakarta tana rangaɗa ta a tsakar gida, su jikoki su sheƙo a guje.

Mushe Hamani ya dubi kalmar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya waiwayo.

"Alhaji, a karanta?"

"Karanta mana, Mushe."

Ya karanta.

Daga sahun mata dariyar ta fashe. Wata ta toshe baki da mayafi, ta kasa riƙewa. Can baya wani ya yi kukan agwagwa, kwak kwak, zauren ya kece. Sai a lokacin hoton ya dawo wa Bibata cikakke: kakarta tsaye da ƙwaryar dusa a hannu, agwagi suna tururuwa zuwa ƙafarta. Kiran agwagi ne. Tsohuwar tana yi wa jikokinta shi ne don tsokana, irin wasan kaka da jika.

Ba kowa ne ya yi dariya ba. Malam Labo, wakilin Yelu, ya miƙe yana dogara sanda. Da Hausa ya yi magana, don Kapitan ya ji.

"Mun baro gonakinmu tun asuba. Da furfurarmu. A tara mu gaban hukuma a kira mu agwagi?"

Dariyar ta mutu. Badaru ya sunkuya ya yi wa Kapitan bayani a kunne. Fara'ar nan ta ɓace daga fuskarsa.

"Wa ya yi wannan fassarar?"

Alhaji Siddo ya juyo ya dubi Bibata. Zauren duka ya juyo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta sani. Kalma biyu ce kawai, ni ce. Sai ta kau da kai, ta ƙura wa ordinater ido.

"Ranka ya daɗe, ni ne."

Alfari ne tsaye a sahu na uku, hannayensa a bayansa yadda yake tsayawa in zai kai magana.

"Yarinya aikinta na'ura. Kalmomin ni na ba ta. Tana tambayata ina gyaran raga, agwagin maƙwabta suka afka wa shanyar shinkafa. Na yi musu kira in janye su, ita kuwa ta ɗauka amsa na ba ta." Ya dakata har dariya ta fara dawowa. "Sauran da kuka ji ya karkata Zabarmanci, ku yi mini haƙuri. Tun da aka rufe gada baƙi suka cika bakin kogi, da su nake yini. Shekaru kuma sun ja. Ashe bakina ya gauraye ban sani ba. Malam Labo, in akwai agwagwa a ɗakin nan, ga ta tsaye."

Zauren ya sake kecewa, wannan karon da sauƙin zuciya. Har Malam Labo sai da ya murmusa kafin ya zauna. Kapitan ya girgiza kai yana dariya, ya ce tsufa ba laifi ba ne, a gyara cikin mako guda, a sami wani ya taimaka wa Baba. Aka yi addu'a, aka ɗauki hoto. Bibata tana tsaye gefen Kapitan a hoton.

Da aka watse ta shige ƙaramin biro, ofishin da ke bayan zauren, ta turo ƙofa. Ta buɗe ordinater, ta shiga serber. Akwai layi ɗaya da ke lissafa harsunan shafin. Ta goge na huɗun. Da ta sake buɗe shafin, maɓalli uku ne a sama, kamar ba a taɓa yin wani ba. Abin da ya hana ta sukuni wata huɗu, ko minti ɗaya bai ci ba wajen ɓacewa.

Aka ƙwanƙwasa. Alhaji Siddo ya shigo yana fifita da hula.

"Kuka kike yi? Haba 'yata. Aikinki ya yi kyau, Kapitan ma ya yaba. Ke mene ne laifinki? Abin da aka ba ki kika zuba." Ya zauna bakin tebur ya yi ajiyar zuciya. "Ni Alfari ne ya ba ni tausayi. Tare muka tashi. Ban san abin ya kai haka ba. Ki riƙa lura da shi a gida."

Ya rage murya.

"Ranar Alhamis ma da shi za mu tura tsallake, wurin masuntan Malanbil, kan rigimar tsibirin nan. Magana ce mai santsi, kalma ɗaya ta goce sai a kwana ana sare-saren raga. Yanzu kam sai dai Labo ya je. Kada ki gaya masa tukuna, ni zan san yadda zan faɗa."

"To, Alhaji," in ji ta.

Ya fita. Ta bi ƙofar da kallo. Ɗazu a zaure tana iya cewa tsoro ne ya ɗaure mata baki, da soja, da idon jama'a. Yanzu fa? Daga ita sai dattijon da ke kiran ta 'yarsa, kuma ta sake cewa to.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa, aka kawo shinkafa da miyar kifi. Ta taga take hangen su. Ubanta ya fito daga masallaci, wani sa'ansa ya tare shi da kwak kwak, ya yi dariya tare da su har da tafa hannu. Amma da ya zo zama, bai nufi wurinsa na kullum ba, dama da Alhaji Siddo. Ya samu bakin tabarma ya raɓa, inda rana ke taɓa kafaɗarsa. Ba wanda ya ce masa ya matso.

Ba ta san sa'ad da ta miƙe ba. Ta gyara mayafi, ta tsallake filin, ta cire takalmi, ta durƙusa nesa kaɗan da tabarmar dattawa. Hannaye suka tsaya a cikin kwanoni.

Da Dendanci ta fara. Ba ta shirya hakan ba, shi ya zo. Ya fito a karye, a gurguje, maganar yarinya 'yar shekara shida da aka ajiye shekara ashirin da uku ba ta girma ba. Ni ce yi. Baba bai ba. Baba bai sani. Ta nemi kalmar ƙarya ta rasa, ta sa ta Zabarmanci. Ta ga Mushe Hamani ya runtse ido. Ba ta buƙatar wata hujja bayan wannan. Duk wanda ke tabarmar ya ji da kunnensa iyakar abin da 'yar Alfari ta iya.

Sauran ta ƙarasa da Hausa, idonta a ƙasa. Ta faɗi yadda ta kwafi fishiyen, da kalmomi arba'in, da kakarta. Ta ce ubanta bai taɓa ganin layi ɗaya ba sai yau a jikin bango.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mata sauƙi.

"Ashe," in ji Malam Labo. Bai ƙara ba.

Alhaji Siddo ya dube ta. Da ya yi magana, babu 'yata a ciki.

"Bibata, wata huɗu ina tambayarki. Yau da safe ma na tambaye ki. Da kin ce ba ki iya ba, ga Mushe nan, ga ubanki, ga gari cike da masu harshe. Rashin iyawa ba abin kunya ba ne." Ya ture kwanon gabansa. "Kwamiti zai zauna ranar Asabar kan aikinki. Ni kuma sai in san abin da zan gaya wa Kapitan. Tashi ki je."

Ta ɗago ta saci kallon ubanta. Tana tsammanin ko sau ɗaya zai dube ta. Alfari ya jawo butar ruwa, ya wanke hannu a tsanake alhali bai ci rabi ba, ya yi wa jama'a sallama, ya sa takalmi ya fita.

Ba ta hau kabu-kabu ba, da ƙafa ta tafi. Ta bi ta bakin kogi inda kwalekwale ke lodin buhuna da mutane zuwa tsallake, gadar tana can shiru da shingenta. Duk wanda ya gaishe ta sai ta ga kamar ya riga ya ji. A Gaya labari ba ya jiran shafin intanet.

Ta tarar da mahaifiyarta Aisata tana sheƙar shinkafa a tsakar gida. Ramatu ta riga ta biyo ta gidan da labari, fuskar uwar ta nuna. Alfari yana gindin mangwaro, ya cire rigar Juma'a, raga a cinyarsa amma hannunsa ba ya motsi.

Bibata ta durƙusa a gabansa. "Baba, ka gafarce ni."

Ya juya ragar da ke cinyarsa.

"Wanne daga ciki?"

Bai jira amsarta ba.

"Da hantsi ni tsoho ne da bakinsa ya ruɗe. Wannan ba komai ba ne, duk mai rai in ya daɗe zai je can. A yi mako ana kwak kwak, a manta. Da azahar kika zo kika mai da ni maƙaryaci. Gaban dattawan gari uku, a kan maganar da na yi wa hukuma a tsaye." Ya ɗago ya dube ta, karon farko tun safe. "Mai kai magana jarinsa ɗaya ne, in ya ce abu a yarda. Wa zai sake aiken wanda aka kama?"

Wannan bai taɓa zo mata a rai ba. Ta fito ne ta sauke masa kaya, ashe wani ta ɗora.

"Na ji Alhaji yana cewa Malam Labo za su tura tsallake a maimakonka," ta ce. "Shi ya sa."

"To yanzu wa za su tura?"

Ta sunkuyar da kai.

"Labon dai," in ji shi.

Faifan Aisata ya tsaya. Ba ta saba sa baki in yana magana ba, amma yau ta ajiye shi a kan turmi, ta karkaɗe zane.

"Malam, in ana rabon kunya a yau, a raba da gaskiya. Wa ya ɗora ta a mota tana shekara shida, tana kuka tana riƙe da zanena? Wa ya ce wa Fatuma kada a yi mata Dendanci a gida, wai zai ɓata mata Faransanci? Ina tsaye ka faɗa. Ta dawo tana yi mana Hausa kamar baƙuwar kasuwa, wa ya taɓa zaunar da ita ya ce ga yadda ake cewa? Kana gyara bakin gari, na gidanka yana nan."

"Aisata."

"Na gama." Ta ɗauki faifanta.

Bibata ba ta taɓa jin wannan ba. Ta dubi ubanta. Yana kallon ragar da ke cinyarsa, yatsansa cikin wata huda yana juya ta. Kunnuwansa ne kawai suka nuna ya ji. Ita da shi suka yi zaune a nan, kowa ya kasa duban ɗan'uwansa, babu abin da ake ji sai shinkafa tana tashi tana sauka a faifai.

Can ya yi gyaran murya.

"Abin nan naki. Jimla nawa ce a ciki?"

"Ɗari uku da goma sha biyu."

"Soja ya ce mako guda."

"Wataƙila ranar Asabar su sallame ni, Baba."

"Su sallame ki da aiki gyararre ya fi su sallame ki da agwagi. Ɗauko."

Ta ɗauko ordinater ta zauna a bakin tabarmarsa. Ta buɗe sabon fishiye, fari fat, ta jera shi gefen na Hausa. Alfari ya ture ragar gefe, ya gyara zama, ya harɗe hannu.

"Karanto ta farko."

"Barka da zuwa."

"Wa ake yi wa?"

"Duk wanda ya buɗe shafin."

"Na ji. Wane ne shi? Babba ne ko yaro? Daga kogi ya fito ko daga gona? Wanda ya kwana a gari ba a tarbarsa kamar wanda ya sha hanya."

"Baba, na'urar ba ta san wanda ya zo ba. Harshen da ya zaɓa kawai take gani."

Ya dube ta da mamaki na gaske. "To yaya za a gai da mutum ba a san ko wane ne ba?"

"A sa wadda ake yi wa baƙo," in ji Aisata daga bakin turmi, ta faɗi wata gaisuwa da Dendanci.

"Baƙo? Mutum da koperatif ɗinsa, da gonarsa a fadama, ki ce masa baƙo?" Ya faɗi wata. Aisata ta ce wannan ta maza ce, su Ramatu fa? Ya ce ba ta maza ba ce, ita ce ba ta san asalinta ba. Ta ce a Bengu, garinsu, ba wanda zai yi wa mace ita. Nan suka koma Dendanci gaba ɗaya, da sauri, suna katse juna. Bibata tana tsintar kalma ɗaya cikin uku, yatsunta a kan maɓallai, tana jira.

Har ladan ya kira magariba ba su gama da layin farko ba.